Maiƙo a Jikin Harsashi: Bayani a kan Kwanson Tagulla da Kalmomin Bindiga a Ƙasar Gobir

A cikin sana'o'in Hausawa akwai ƙananan ayyuka waɗanda ba a ba su suna na musamman ba, saboda ido ya raina su, alhali kuwa a kansu ran mai sana'ar ya rataya. Ɗaya daga cikinsu shi ne raba harsashi da maiƙo kafin a kai shi ga bindiga. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin wannan aiki da yadda ake yin sa, tare da waiwayen kalmomin da suka kewaye shi, musamman a yankin Sabon Birni da Isa, inda farauta da ƙira da yaƙi suka daɗe suna cuɗanya. Ya kamata mai karatu ya sani tun daga farko cewa ba koyar da ɗurin harsashi aka nufa ba. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta shekara ta 1959 ta hana kowa ƙera bindiga ko harsashi, ko haɗa su, ko gyara su, sai da izni. Abin da ya dame mu a nan shi ne fahimtar abin, da kuma harshen da ake faɗarsa da shi.

Asalin kalmomin

Manyan kalmomi uku na wannan fage duka daga Larabci Hausa ta aro su, abin da ke nuna hanyar da bindiga ta fara biyowa zuwa ƙasar nan, watau ta arewa, tare da fataken hamada. Bindiga daga bunduƙiyya take. Albarushi daga al-barud yake, kuma harafin al- na Larabci ya maƙale a jikin kalmar kamar yadda ya maƙale a alƙali da aljihu da alkama. Harsashi kuwa daga ar-rasas yake, wanda ma'anarsa ta asali ita ce dalma. A nan akwai abin lura. Sa'ad da aka ari kalmar, harsashi bai wuce ɗan dunƙulen dalma da ake jefawa ta bakin bindiga a bisa albarushi ba. Da Turawa suka zo da sabon samfuri, wanda aka haɗa dalma da albarushi da abin kunna wuta a cikin mazubi guda, sai Bahaushe bai nemi sabuwar kalma ba, ya faɗaɗa tsohuwar ta rufe dukan abin. Shi mazubin kuma ya ɗauko masa suna daga gona da daji, ya ce kwanso, kamar kwanson gyaɗa ko na ƙwai, watau abin da ake yarwa bayan an ci moriyar abin da ke ciki. Sunan ya dace ta fuskar siffa, amma ya yi kuskure ta fuskar daraja, gama a cikin harsashi kwanso ne ya fi kome tsada, kuma shi kaɗai ne ke saura bayan harbi.

Bagobiri ba ya cewa harbi sai halbi, ba ya cewa maharbi sai mahalbi, farauta kuma a bakinsa hwarauta ce. Bindigar toka a wurinsa bindigat toka ce, bisa ga al'adar Hausar yamma ta ninka baƙin da ke biye. Ita wannan bindiga ta ɗuri tana da laƙabi da dama. Ana ce mata adaka, ana kuma ce mata harba-ka-ruga, sunan da ya ƙunshi dukan dabarar yaƙi da ita: harbi ɗaya gare ka, in ka yi shi sai ka nemi wurin da za ka sake ɗuri.

Sai kuma mai da maiƙo da kitse, waɗanda ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a wasu harsuna kalma ɗaya ke ɗauke da su. Kitse a jikin dabba yake. Mai shi ne abin da aka tatsa ko aka narkar, ana zuba shi, ana auna shi. Maiƙo kuwa saura ne, abin da ya rage a hannu ko a ƙwarya bayan mai ya wuce, ba a auna shi, sai dai a ji shi da yatsa. Maganarmu a kan maiƙo take, ba a kan mai ba.

Bindiga a Gobir

Ba a daɗe ƙwarai da yawaitar bindiga a wannan yanki ba. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, an yi shekaru ana gwabzawa tsakanin Gobirawa da Sakkwato da kibiya da mashi da takobi. Baturen nan Kilafaton ya halarci harin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa birnin Konya na Gobirawa a 1826, ya kuma rubuta cewa a cikin mayaƙa fiye da dubu hamsin bindiga 42 kawai ya ƙirga, 41 a hannun Kanawa, ɗaya a hannun Zazzagawa. Su Gobirawan da ke cikin ganuwa bindiga ɗaya tak gare su, amma ita ce ta kayar da na gaba a cikin 'yan lifida. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866. Isa kuwa ribaɗi ce ta Sakkwato. A duk wannan zamani bindigar ɗuri ce ake da ita, ba ta da kwanso.

Harsashin kwanson tagulla ya bazu a Turai ne daga shekarun 1860, kuma Turawa sun yi iyakar ƙoƙarinsu kada ya shiga hannun mutanen Afirka. Yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Burasal a 1890 ta hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar mana bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka duk sarkin da ya sami irin waɗannan bindigogi, to, harsashi ya zame masa abin tattali. Samori Ture, a can yamma, maƙeransa suna sake cika kwanso, mayaƙansa kuma suna tsince shi a fagen fama bayan an tashi. A nan ƙasar Hausa kuwa bambancin makamai ya fito fili ran 15 ga Maris, 1903, sa'ad da Ingilishi suka ci Sakkwato da bindiga mai ruwa da igwa.

Me ya kai mai jikin kwanso?

Tagullar da ake yin kwanso da ita gauraye ce, kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. An zaɓe ta ne saboda wata ɗabi'a da take da ita, watau tana miƙewa ba tare da ta tsage ba, sa'an nan ta ɗan koma. Idan kunama ta sari gindin harsashi, albarushi ya kama, iskar da ke fita daga gare shi tana tura kowane sashe da ƙarfin da ya kai nauyin tan uku zuwa huɗu a kan wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa, in bindigar soja ce ko ta harbin manyan namun daji. Wannan ƙarfi yana buɗa kwanso har ya manne da bangon mazauninsa, ya toshe hanya, wuta ba ta komo wa fuskar mai harbi ba. Da harsashi ya fita sai kwanson ya ɗan tsuke, a iya zaro shi. Amma ba ya komawa daidai yadda yake da. Ya riga ya kumbura kaɗan.

Wanda zai sake amfani da shi dole ya mayar da shi awonsa na fari, ta hanyar cusa shi da ƙarfi cikin wani bututun baƙin ƙarfe mai tauri wanda aka fafe daidai siffar harsashi. Tagulla busasshiya in an cusa ta haka sai ta kafe a ciki, a ja gindin ya tsinke a bar sauran. Don haka ake shafa mata mai tukuna. A Amurka, inda wannan aiki ya zama abin sha'awar dubban maharba kuma doka ta yarda da shi, an fi amfani da maiƙon da ake samu daga gashin tumaki, ko wani irin kakin shafawa. In man ya yi kaɗan kwanso ya kafe, in ya yi yawa kuma ya taru a kafaɗar kwanson ya loɓa ta, domin mai ba ya matsuwa. Da an gama matsa kwanso, aikin mai ya ƙare, daga nan ya zama maiƙo, ya zama abokin gaba.

Illar farko ta shafi mannewar da muka ambata. Kwanso busasshe yana riƙe bango, ya ɗauke wa sakatar bindiga wani kaso na turin. Mai maiƙo kuwa santsi yake yi, ya zame baya, ya jibga wa sakata dukan nauyin. Ingilishi sun san wannan sarai, har ma in za su jarraba ƙarfin sabuwar bindigar soja da gangan suke shafa wa harsashin gwaji mai, don sakata ta sha dukan wahalar a gani ko za ta jure. Akwai maharban Amurka da ke gardama cewa bindiga mai ƙarfi ba ta damu da ɗan maiƙo ba, kuma mai yiwuwa suna da gaskiya a kan sababbin bindigoginsu. Amma bindigar da ta shekara hamsin tana yawo a daji, sakatarta ta sha gyara a maƙera, ba ta da rarar ƙarfin da za a yi caca da shi, fuskar mai ita kuwa tana bayan sakatar da tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba.

Illa ta biyu, a ganina, ita ce babba a ƙasarmu. Lokacin farauta shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe, kuma shi ne lokacin hunturu. Wanda ya san yadda ƙura ke sauka a kwarin Rima da Bunsuru daga Disamba zuwa Fabrairu, ko ya ratsa dajin Gundumi a wannan lokaci, ya san ba abin da take bari. Ƙura a kan busasshiyar tagulla hurewa ake yi ta tashi. A kan maiƙo kuwa zama take yi, ta haɗu da shi su zama wani abu kamar dutsen wasa ƙarfe, mai kankare mazaunin harsashi kaɗan kaɗan, har ranar da kwanso zai shiga ya ƙi fita. Sojan Italiya sun ɗanɗana wannan a Yaƙin Duniya na Biyu. Bindigarsu mai ruwa ƙirar Breda ta 1930 an yi ta ne da ɗan famfon da ke ɗiga wa kowane harsashi mai kafin ya shiga, domin in ba haka ba ba ta iya zaro kwanso. A cikin rairayin Libiya sai man nan ya riƙa tara yashi, bindiga ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa. Da irin waɗannan sojoji ne 'yan Nijeriya suka kara a Somaliya da Habasha a 1941.

Ta uku ita ce mai yana kashe wuta. In ya tsiyaya cikin kwanso ya jiƙa albarushi, ko ya kai ga ɗan ƙoƙon da ke gindi wanda kunama ke sara, sai bindiga ta ƙi tashi, ko kuma, abin da ya fi muni, ta yi jinkiri ta tashi bayan mai ita ya sauke ta daga kafaɗa. Masu bindigar toka sun fi kowa sanin wannan, ko da yake ba su da kwanso. Wanda ya malala wa bututu mai don tsoron tsatsa, ya jingine bindiga a kusurwar ɗaki baki sama, man zai gangara ya taru a gindi, daidai inda albarushi ke zama, ya toshe ƙaramar kafar da wuta ke bi. Hatsarin da ake ji na mutumin da ya leƙa bakin bindigar da ta ƙi tashi, sau da yawa daga nan yake farawa.

Wanki da shanya

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta tsumma: a ɗauki kwanso ɗaya ɗaya a murza da busasshen ƙyalle mai tsabta har yatsa ya daina jin santsi. In suna da yawa sai ruwan zafi da sabulu, a cuɗa, a ɗauraye sosai, a kife su baki ƙasa a shanya har ba sauran laima a ciki, domin ɗigon ruwa ɗaya da ya ɓuya a gindi ɓarnarsa daidai take da ta mai. Amurkawa suna da wani ɗan inji mai karkarwa da suke cikawa da niƙaƙƙiyar totuwar masara, su zuba kwanso a ciki na 'yan sa'o'i, totuwar ta shanye maiƙon ta kuma goge tagullar. Ba wani sabon ilmi ba ne wannan ga matan Hausawa, waɗanda suka saba cire maiƙon ƙwarya da dusa. Duk wannan kuwa a kan kwanso wofi ake yin sa. Harsashin da ke cike ba a jiƙa shi, ba a kai shi kusa da wuta, tsumma kaɗai ya halatta gare shi.

Inda ake samun kuskure shi ne wajen ɗauko dabarun maƙeran fari a kawo nan. Maƙerin fari, mai aikin azurfa da tagulla, yana fito da hasken munduwa da ruwan tsamiya ko lemun tsami da toka, in kuma ƙarfe ya yi masa tauri ya sa shi a wuta ya yi laushi. Duka biyu daidai ne ga munduwa. Kwanso kuwa in ya daɗe a cikin ruwa mai tsami, tsamin yana cinye tutiyar da ke fuskarsa ya bar jan ƙarfe, sai a ga ya yi ja-ja, alamar ya raunana ke nan. Wuta ta fi wannan haɗari. An ƙera kwanso ne bakinsa da laushi gindinsa da tauri, kuma gindin ne ke tare wuta. Wanda ya ɗora kwanso a kan garwashi don ya bushe da sauri ya kashe taurin gindin, ido kuma ba ya ganin bambanci, sai ranar harbi.

Akwai kuma wani labari daga Indiya wanda ya kamata mutanen ƙasar dawaki su sani. Sojan Ingila a can sun lura cewa bayan kowace damina sai su tarar da harsasai da yawa sun tsattsage a wuya ba tare da an harba su ba. An daɗe ana ɗora laifin a kan yanayi, sai a 1921 masana suka tabbatar da cewa ajiyar da ake yi a bargar dawaki ce sanadi. Fitsarin doki yana fid da iskar amoniya, ita kuwa in ta haɗu da laima tana tsaga tagullar da aka matsa. Saboda wannan dalili ruwan goge tagulla na kanti, wanda yawancinsa akwai amoniya a ciki, bai dace da kwanso ba, haka nan ajiya a ɗakin da ke jikin turke. Man gyaɗa da man shanu da man kaɗe su ma suna da tasu illa. In sun kwana biyu a jikin tagulla sukan yi danƙo, su haifar da wata tsatsa mai launin kore, irin wadda ake gani a harsashin da ya daɗe a cikin burgami ko ɗamarar fata.

Gaskiya ne mafi yawan maharban da ke da bindigar harsashi a ƙasar Hausa ta harbin tsuntsu ce gare su, mai baki ɗaya ko biyu, kuma harsashinta tun daga shekarun 1960 na roba ne, gindin kaɗai ke da ƙarfe. Shi ma gindin sau da yawa baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan tagulla, maganaɗisu yana kama shi. Irin wannan ba ya bukatar mai, amma ƙa'idar bushewa da tsabta ba ta sauya ba.

Ba za a bar maganar maiƙo ba sai an ambaci mafi shahararsa a tarihi, ko da yake harsashin na takarda ne. A 1857 Ingilishi suka kawo wa sojojinsu na Indiya sabuwar bindiga ƙirar Enfield, wadda sai soja ya ciji takardar harsashinta da haƙori kafin ya ɗura. Labari ya bazu cewa an shafe takardar da kitsen alade da na saniya, na farko haram ga Musulmi, na biyu abin ƙyama ga Hindu. A garin Mirat sojan doki 85 suka ƙi karɓar harsashin aka ɗaure su, ran 10 ga Mayu 'yan'uwansu suka yi bore, wutar ta kama arewacin Indiya. Akwai dalilai masu zurfi da suka riga suka taru, amma maiƙo ne ya kunna su, kuma a 1858 mulkin kamfanin da ke riƙe da Indiya ya ƙare.

'Yan bindiga

Kalma ɗaya ta rage, ita ce wadda ta fi sauya fuska. A Hausar da muka gāda, 'yan bindiga bayin sarki ne ko barorinsa, masu tafe gaban ayari ranar hawan salla suna ɗura albarushi ba dalma, ƙara da hayaƙi kawai ake so. Su ke sanar da ganin wata, su ke tarbar babban baƙo, shugabansu kuma Sarkin Bindiga. Yaro in ya ji an ce ga 'yan bindiga nan, gudu yake yi ya je kallo. A Sabon Birni da Isa wannan jimla yanzu tana sa gudu ne zuwa wata fuskar. Ran 27 ga Mayu, 2020, an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Gidajen rediyo da jaridu sun ɗauki kalmar sun ba ta wannan sabuwar ma'ana, har ta danne tsohuwar, ta yadda mai son ya ambaci na fada dole ya ƙara bayani ya ce 'yan bindigar sarki.

Su waɗannan na daji ba ruwansu da tsince kwanso, balle wanke shi. Harsashinsu a cike yake zuwa, kuma da yawa daga cikin na bindigar da suka fi riƙewa kwansonsa ba tagulla ba ne, baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti ko ruwan jan ƙarfe, wanda masana'antun Rasha da Sin suka yi don a harba sau ɗaya a yar. Shi ne mutanen ƙauye ke tararwa a warwatse a bakin gari bayan hari, in ya kwana biyu a ƙasa damina ta taɓa shi sai ya yi tsatsa ja, abin da kwanson tagulla ba ya yi.